Kuɗin ƙaramar hukuma da hannun da ke riƙe da akwatin zaɓe

Wanda ya buɗe Jadawali na Ɗaya na Kundin Tsarin Mulkin 1999 zai tarar da Babura, Gwiwa, Kazaure da Roni a rubuce da sunayensu, cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa. Sashe na 7 ya tabbatar musu da majalisu zaɓaɓɓu, Jadawali na Huɗu kuma ya ɗora musu kula da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu da kwashe shara, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Waɗannan su ne ayyukan gwamnati da manomin Gwiwa ke gani da idonsa.

Sai dai kundin da ya ba su aikin shi ne ya ɗaure musu hannu. Sashe na 162 ya ce kasonsu na asusun tarayya ya bi ta jiha, ya sauka a asusun haɗin gwiwa. Daga nan kuwa, abin da ya isa sakatariyar Roni ya danganta ga abin da aka yanke a Dutse.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. Na yi murna da hukuncin, amma murna mai ɗan tsami, domin kalmomin Sashe na 162 suna nan ba a goge su ba. Goge su sai an bi Sashe na 9: kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24. Majalisun da gwamnoni ke juyawa, su ake roƙo su rage ikon gwamnoni.

Abin da ya fi damuna ma ba asusun ba ne. Gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓe ta jiha, ita kuma ke shirya zaɓen ciyamomi da kansiloli. A zaɓen Oktoban 2024 jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun ciyamomin Jigawa duka 27, kuma kusan haka abin yake a sauran jihohi, ko wace jam'iyya ke mulki. Ciyaman da ya san wanda ya ɗora shi, ko an zuba masa kuɗin a aljihu, ya san ƙofar da zai kai gaisuwa.

Wasu na cewa a miƙa zaɓen ga INEC. Ina tare da su, ko da yake hakan zai ƙara wa Abuja nauyin da tuni ya yi mata yawa. Kafin nan, akwai abin da ba ya jiran gyaran kundi: ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata. Malaman makaranta da 'yan kasuwar Babura na iya ɗaukar adadin, su zaunar da kansilansu, su tambaye shi nawa ya shigo da kuma inda aka kashe shi.