Harajin Masu Aiki Ta Intanet: Mu Biya, Amma Su Ma Su Biya Mu

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce ina gida, can ƙauyenmu da ke gefen dajin Falgore a ƙaramar hukumar Doguwa, wani ɗan ajinmu ya turo saƙon murya a guruf ɗinmu na WhatsApp, ya rubuta a ƙasansa: "Jama'a ku saurara, abin ya zo." A cikin gida saƙon ya ƙi buɗewa. Na fito ƙofar gida, shiru. Sai da na taka har bakin titin Kano zuwa Jos, na hau wani tudu da samarin garinmu suka mayar wajen amsa waya, sannan ya sauka da ƙyar. Abin da mai maganar yake cewa shi ne, wai daga watan Janairu duk kuɗin da ya faɗo akawun ɗinka gwamnati za ta yanki nata kafin ka ji alat, kuma masu karɓar dala ta intanet su za a fara kamawa. Na tsaya a kan tudun nan ina dariya ni kaɗai. Gwamnatin da sabis ɗinta bai iso ɗakina ba, ita ce aka ce hannunta ya iso aljihuna.

Da muka dawo makaranta na tarar maganar ta cika hostal. Wani ya ce ya kwashe kuɗinsa ya mayar akawun ɗin mahaifiyarsa. Wani ya ce shi duk wanda zai turo masa kuɗi sai ya rubuta "kyauta" a wajen bayani. Wata 'yar ajinmu mai sayar da atamfa da turare a Instagram ta ce ita ta koma karɓar tsabar kuɗi kawai. Na tambayi kusan mutum goma ko akwai wanda ya karanta ko da shafi ɗaya na dokar. Ba ko ɗaya. Mu ne fa ɗaliban kimiyya da fasaha, cikinmu har da masu karatun akanta.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: dokar gaskiya ce, yawancinmu ba ta kai gare mu ba tukuna, wanda kuma ta kai gare shi gara ya fito fili ya biya, sannan ya riƙe rasit ɗinsa ya tambayi gwamnati abin da ta yi masa. Bari in faɗi dalilaina.

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, aka ce babbar dokar ta fara aiki 1 ga Janairun 2026. A cikinsu ne aka sauya wa hukumar FIRS suna ta koma NRS. Abin da ya shafe mu shi ne, duk mazaunin Najeriya ana lissafa masa haraji a kan abin da ya samu, ko daga Sabon Gari kuɗin ya fito ko daga Amurka. Saboda haka wanda yake yi wa wani kamfanin waje fassarar Hausa, da mai zanen tambari a Fiverr ko Upwork, da wanda YouTube ko Facebook suke biya, duk suna ciki. Wannan ma ba sabon abu ba ne can, tsohuwar doka ta faɗi kusan haka, bin sawu ne ba a yi.

To amma nawa ne? Naira 800,000 ta farko a shekara ba a taɓa ta, sifili ne. Miliyan 2.2 da ke biye mata ana cire kashi 15 cikin ɗari. Daga nan abin yana hawa mataki-mataki, 18, 21, 23, har ya tsaya a kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Ku ɗauko kalkuleta. Ɗalibin da yake samun naira 60,000 a wata, a shekara 720,000 ke nan, bai kai layin ba, ko sisi ba ya bin sa. Wanda yake samun dala 100 a wata, mu ƙaddara dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi, yana da miliyan 1.8 a shekara. Cire 800,000, saura miliyan ɗaya. Kashi 15 na miliyan ɗaya shi ne 150,000, wato 12,500 a wata. Kuma wannan kafin a cire abin da ya kashe wajen yin aikin ne, domin mai sana'ar kansa a kan riba ake lissafa masa. Idan data da caji da gyaran kwamfuta suna cin 40,000 a wata, kuma yana da shaidarsu, harajinsa zai sauko zuwa 78,000 a shekara, 6,500 a wata. Kuɗi ne, ban ce ba kuɗi ba ne. Amma ina wannan, ina labarin saƙon murya?

Kuɗin da babanka ya turo maka na makaranta, ko wanda yayarka ta aiko daga Saudiyya, ba samun sana'a ba ne, ba a sa masa haraji. Kuma rubuta "kyauta" a kan kuɗin aiki ba ya mayar da shi kyauta, yaudarar kai ce kawai. Shi kuwa mai tura kuɗinsa akawun ɗin Hajiya, ya sani cewa idan tambaya ta taso, tsohuwar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ita za a nema. Wannan ba tausayin uwa ba ne.

Yanzu bari in juyo kan gwamnati, domin nan ne zuciyata take tafasa. Mu da muka fito daga kudancin Kano mun daɗe muna biyan wani haraji da ba a rubuta shi a kowace doka ba. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. A cikin kowane kati da muke sakawa akwai harajin VAT na kashi 7.5. Taransifa ta naira 10,000 zuwa sama akwai naira 50 a kanta. Waɗannan kowa yana biya, ɗan birni da ɗan ƙauye. Amma ɗan Nasarawa GRA yana biya ya samu sabis, mu kuwa muna biya mu hau tudu. Ka sayi datar wata guda, kwanakinta su ƙare rabinta na nan ba ka taɓa ba, don sabis ɗin ya ƙi tsayawa. Ka kai waya shagon mai caji ka biya, ka dawo ka tarar ya haɗa ta da wayoyi arba'in a kan janareto ɗaya, batir ya kumbura. Mai laftof kuwa sai dai ya yi wa mai shago magana ta musamman.

Ko burauzar da muke amfani da ita shaida ce. Me ya sa har gobe Opera Mini take cikin wayoyin mutanen ƙauye, alhali Chrome ce take zuwa a cikin wayar tun daga kamfani? Saboda ita tana matse shafi a can wajenta kafin ta turo maka, sai ya zo da sauƙi, ya ci data kaɗan, ya buɗe ko da sanda ɗaya ce ta sabis. Dabarar talaka ce, kuma ta yi mana rana. Sai dai shafukan da ake aikin kuɗi a kansu ba sa yarda da wannan dabarar. Su cikakkiyar burauza suke so da sabis mai ƙarfi da ba ya yankewa. Ni kaina na taɓa rasa aikin fassara a hutu, saboda an ba ni awa 48 in miƙa, na gama a kan lokaci, amma fayil ɗin ya ƙi tafiya. Washegari da sassafe na hau mota zuwa Tudun Wada, kafin in samu wajen da sabis ya zauna lokaci ya wuce. Wanda ya ba ni aikin bai yi faɗa ba, kawai bai sake nema na ba. Ina zan rubuta wannan asarar a takardar haraji?

Duk wanda ya saba bin hanyar nan ya san zancen. Kana baro Kwanar Dangora sabis yana nan daram, ka wuce Tudun Wada ya fara rawa, ka shiga dajin Falgore kuwa akwai wuraren da sai dai addu'a, in mota ta lalace ba ka da wanda za ka kira. Ga dam ɗin Tiga a Bebeji tun zamanin Audu Bako, ga ma'adinan Riruwai da aka haƙa tun zamanin Turawa, ga masara da shinkafa da ake lodawa a manyan motoci duk kaka. Yankin da yake ba da wannan bai kamata samarinsa su riƙa neman sabis kamar masu neman wata ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ban raina maganarsu ba. Za su ce, malam, kai ma ka faɗa da bakinka ba a yi mana komai, to don me za mu kai kanmu? Wannan tsoron yana da tushe. Kakanninmu sun ga zamanin harajin kai da jangali, lokacin da mutum zai sayar da akuyarsa ko ya bar gari da dare don dagaci ya matsa, Bafulatani kuma ya kora shanunsa cikin daji don kada a ƙirga. Shi ya sa da Abubakar Rimi ya soke su a Kano bayan ya hau mulki a 1979, har yau tsofaffi suna yi masa addu'a. Amma wancan haraji a kan kai yake, ko ka samu ko ba ka samu ba sai ka biya. Wannan a kan samu yake, kuma ya bar wa ƙaramin mai samu nasa. Inda nake tare da masu ƙorafi shi ne, naira 800,000 a shekara ba ta wuce 66,000 da 'yan kai a wata ba, kuma yadda kaya suke tashi, nan da 'yan shekaru ba za ta zama komai ba. Ya kamata a riƙa ɗaga layin nan yana bin tsadar rayuwa. Wannan magana ce da za a kai wa 'yan majalisa, kuma mai ɓuya ba ya kai ƙara.

Ga wani abu da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Harajin mutum ɗaya ba Abuja yake tafiya ba, jihar da yake zaune ita take karɓa. Ma'ana, dalar da ɗan Kiru ko ɗan Doguwa ya jawo daga waje yana zaune a ɗakinsa, hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kano, KIRS, ita za ta karɓi rabonta. To kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai asusu na musamman a ƙarƙashin NCC, USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don kai sabis wuraren da kamfanoni suke ganin ba riba. Gwamnatin tarayya kuma ta yi shelar shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 90,000. Wa zai tambaya ko kilomita nawa ne za su bi ta Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa? In ba mu ba, wa? Kuma tambayar mai rasit a hannu ta fi ta mai zagi a Facebook nauyi.

Akwai kuma amfanin kanka. Gobe in ka gama HND ka buɗe ɗan kamfaninka, ka je neman kwangilar gwamnati, takardar shaidar biyan haraji za a fara tambayarka. Haka in za ka tsaya takara. Wanda ya shekara biyar yana samun kuɗi a ɓoye, ranar da zai buƙaci shaidar cewa yana da sana'a ba shi da abin nunawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan uwana ɗalibai. In kana sana'a ta waya, ware mata akawun nata daban da wanda ake turo maka kuɗin gida. Sami littafi ko ka buɗe shafin Excel, ka riƙa rubuta abin da ya shigo da ranar da ya shigo, da farashin dala a ranar. Ajiye shaidar data da rasit ɗin gyara da na sola in ka saya. Ka riƙe ranar 31 ga Maris, domin ita ce wa'adin da mutum yake miƙa bayanin samunsa na shekarar da ta gabata. Kuma duk wanda ya kira ka a waya ya ce daga ofishin haraji yake, ka turo lambar sirri ko ka biya ta wani akawun, ɓarawo ne, kashe wayarka.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma, muna ganin ƙoƙarinku wajen shirya makon al'adu da gasar ƙwallo, Allah ya saka. A ƙara da wannan: a ware yini ɗaya, a gayyato malamanmu na sashen akanta da jami'in KIRS, a zauna a babban ɗakin taro a yi bayanin dokar nan da Hausa, kowa ya yi tambayarsa. Sannan ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumominmu huɗu su haɗu su tattara sunayen garuruwan da ba sabis ko yake yankewa, a rubuta takarda ɗaya a kai wa 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, a aika wa NCC kwafi. Ni zan fara kawo sunan garinmu, har da hoton tudun. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa wa sana'o'inmu albarka.