Injin Zarto Ya Ƙi Tashi: Aibin Inji Ne Ko Na Mai?

  

Wata rigima ta yawaita cikin kasuwanninmu, ita ce ta tsohon injin zarto wanda masu itace da masu gawayi ka saye na hannu. A yi ciniki, a sa albarka, bayan kwana ukku mai saye ya komo da inji bisa kai, shina rantsuwa an ɓoye mashi aibi. A matsa wa dillali ya maido la'ada, a ɓata sunansa gaban jama'a. Gaskiya ne Risala ta Ibnu Abi Zaid ta hana ɓoye aibi, ta kuma ba mai saye damar maido kaya. Amma aibin da anka nufa shi ne wanda ke jikin kaya tun kafin ciniki, ba wanda mai saye ya zuba da hannunsa ba. A ganina mafi yawan wagga rigima ta mai ce, ba ta inji ba.

Injin zarto ba irin injin ban-ruwa na fadama ba ne. Na ban-ruwa shina da wurin baƙin mai daban, tankinsa fetur zalla. Shi ko zarto, man da ke shafe fistin cikin fetur ɗin ake garwaya shi. Kamfanin Stihl na Jamus ya ce kashi 1 na man 2T nasa cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 100 ga lita 5. Ƙananan na Sin da yawa kashi 1 cikin 25 suke so. To, yaron da ya saba da injin fadama, in ya ɗura wa zarto fetur zalla, kafin a kada dogon yaro guda fistin ya ƙone. Wanda ko ya cika mai da yawa don tsoro, sai hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, salansa ta toshe.

Sai maganar daɗewa. Tun da anka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024, ba wanda ke yarda ya zubar da ragowar mai. A bar shi cikin tanki damina guda. Alhali garwayayyen mai bai kamata ya wuce kwana 30 ba. Mai sauƙin kamawa ya tashi da zafi, saura ya yi danƙo kamar ƙaro, ya liƙe ƙananan hanyoyin kabireta, 'yar fatar da ke cikinta ta ƙandare. Ga kuma kwalaben 'yan bumburutu da ka wuni cikin rana, da laka da ruwan gindin jarka. Ba ina cewa dukkansu maha'inta ba ne. Ai ko gidajen mai sun sayar da fetur mai methanol a Fabrairun 2022, wanda anka shigo da shi daga Beljiyam, motoci sunka lalace a Legas da Abuja.

Saboda haka, wanda anka maido wa inji kada ya soma da rantsuwa. Ya juye man tanki cikin farar kwalba, ya aje kaɗan. In da ruwa, zai kwanta ƙasa kowa ya gani. A zuba sabo. A kwance fulogi: in jiƙe yake, inji ya sha mai ne don an yi ta jan igiya da cok a rufe, alhali da ya yi tari na farko ake buɗe shi. A shanya fulogi, a ja igiya kaɗan babu shi, a mayar. In ko busasshe ne, mai bai isowa, sai a duba matatar da ke cikin tanki da tiyo, ko ya tsage. Wanda ka tashi ya yi aiki kaɗan ya mutu, in an buɗe murfin tanki ya sake tashi, ƙofar iskar tanki ce ta toshe. Ƙurar hunturu kuwa matatar iska take cikawa. Duk waɗannan gyaran ƙaramin kuɗi ne, ba su warware ciniki.

Aibi na gaskiya shina cikin silinda, kuma ana gane shi. A ɗaga inji da igiyar tayarwa: in ya zame ƙasa da sauri, ringi ya ci. A cire salansa a leƙa fistin: in da zane-zane kamar an ja ƙusa, ya taɓa ƙonewa. Mai sayarwa da ya san wannan, ya ɗumama inji a bayan rumfa don ya tashi da ja guda gaban mai saye, wannan ya yi algus, kuma dillalin da ya rufa mashi sun yi tarayya.

Mu 'yan hatsi ba mu sayen buhu sai mun soka hannu har ƙasa. Abin da nike roƙon sarakunan dillalai shi ne su sa ƙa'ida: kada a sa albarka ga tsohon zarto sai an taɓa shi an ji sanyi, an zuba man da anka garwaya gaban shaidu biyu, an leƙa fistin, ya yanka gungume guda. A rubuta awon mai ga takarda a ba mai saye, da ajami in shi yake karantawa.