A Duba Idon Jariri Kafin Ranar Suna

 Akwai abu guda da nake so mu ƙara cikin shirin suna, wato a kai jariri asibiti a duba masa ido kafin kwana bakwai su cika. A Diggi da ƙauyukan Kalgo da Gwandu mata da yawa a gida suke haihuwa, kuma a al'ada mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Ban raina hutun jego ba. Amma akwai ciwon idon da ba ya jiran arba'in, wani ko suna ba ya jira.

Mafi gaggawa shi ne wanda jariri ke ɗauka daga jikin uwa lokacin haihuwa, idan tana da ciwon sanyi irin wanda ake samu ta hanyar saduwa. Sau da yawa ita kanta ba ta san tana da shi ba. Tsakanin kwana 2 zuwa 5 sai fatar idon ta kumbura, mugunya mai kauri ta riƙa fita, ana sharewa tana dawowa. Cikin kwana ɗaya ko biyu tana iya cinye baƙin idon ta huda shi, kuma idon da ya hude ba ya komawa yadda yake. Akwai wani nau'in da ke bayyana daga kwana 5 zuwa 14, saboda haka ko bayan suna a ci gaba da lura. Rigakafin ba sabo ba ne. Tun 1881 wani likita mai suna Credé a ƙasar Jamus ya nuna cewa ɗiga wa jariri magani a ido da zarar an haife shi yana hana wannan makanta. A yau man ido ake sa wa, irin su tetirasaikilin, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Idan ciwon ya riga ya kama, sai an yi wa jaririn allura, a kuma yi wa uwa da uba magani tare. Maigida, kada ka ce kai lafiyarka ƙalau.

Iya da Gwaggo, ku yi haƙuri da ni a nan. Tatsa nono a ido ba ya kashe wannan cuta, ɓata lokaci kawai yake yi. Kwalli kuma yakan ƙunshi dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro, ga shi tsinke ɗaya ake zagaya yaran gida da shi. Haka nan man cibiya da ake kira kulohezidin, na cibiya ne kaɗai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an sami jarirai a ƙasashen Afirka da suka makance don an sa musu shi a ido bisa kuskure.

To, idan idon garau yake fa? Duk da haka a kawo shi. Ma'aikaci zai haska wata 'yar fitila cikin idon a ɗaki mai ɗan duhu. Idan jan haske ya dawo, hanya a buɗe take. Idan fari aka gani, ko ba a ga komai ba, yana iya zama yanar ido da aka haife shi da ita, ko sankarar ido, wadda ke kisa idan aka bar ta. 'Yan mintoci ne, babu zafi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowane jariri wannan gwaji. Yanar jariri ana son cire ta cikin wata biyu na farko, domin a lokacin ne ƙwaƙwalwa ke koyon gani. Wanda aka kawo yana shekara biyar, ko an cire yanar ganinsa ba ya cika.

Bakwaini kuwa nasa daban ne, musamman wanda bai kai mako 34 ba, ko nauyinsa bai wuce kilo 1.5 ba, aka sa shi a kwalba aka ba shi iskar oksijin. Jijiyoyin bayan idonsa ba su gama tsirowa ba, suna iya tsirowa a karkace. Ba a ganin wannan daga waje, sai likitan ido ya duba kafin ya cika kwana 30. Ku tambayi ranar kafin a sallame ku.

Na san kuɗin kabu-kabu daga Diggi zuwa Kalgo ko Birnin Kebbi ba a ƙasa ake tsintarsa ba, ga rago ga goro. A haɗa tafiyar da ta allurar BCG, idan mai jego ba ta da ƙarfi kaka ta raka ta. Ku ce wa ma'aikaciya kai tsaye, "A duba mana idonsa." In aka tura ku asibitin koyarwa na Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ku tafi cikin makon, da katin jariri a hannu.