Karen Da Ke Gadinmu, Wa Ke Kula Da Jikinsa?

Maudu'inmu na wannan makon zai iya ba wasu dariya, amma a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe.

Da yawanmu mun ajiye kare don gadi ko farauta. Muna ba shi ragowar tuwo, mu ɗaure shi a lungu, shi ke nan. Sai ka ga kaska ta cika masa kunne, gashi na zubewa, yana ta susa har fata ta yi jini. Mu kuwa sai mu ce ai kare ne.

Matsalar ita ce abin ba ya tsayawa a jikinsa. Kaskar kare takan saka dubban ƙwai a tsagar bango da ƙasan ɗaki, tana kuma sa masa ciwon da ke shanye jini. Ƙuma na cizon mutane. Makero da ƙazuwar kare suna iya kama yaron da ke wasa da shi. Gida ɗaya muke kwana, don haka dattinsa namu ne.

Gyaran kuma ba wuya. Mu taje gashinsa da burushi ko sau ɗaya a mako, mu duba cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu, inda kaska ke ɓuya. In mun gan ta, a kama ta da hantsaki dab da fata a zare a hankali, kada a fasa ta da hannu. Wanka kamar sau ɗaya a wata ya wadatar, da sabulun da likitan dabbobi ya ba da shawara. A rage farce in ya yi tsawo, a share makwancinsa. Don Allah mu daina shafa masa baƙin mai, kananzir ko fiya-fiya. Guba ne, zai lasa, fatarsa ma tana tsotsewa.

Wani zai ce mutane na fama da abinci, mu muna zancen wankan kare. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, amma burushi da ruwa sun fi kuɗin asibiti sauƙi. Mai taɓa karensa duk mako shi ke fara ganin rauni ko canjin hali, shi ne kuma ke tuna allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara na da yawa a ciki. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti nan take.

Ba wanda ya tilasta mana ajiye kare. Tunda mun ajiye, amana ce a wuyanmu. Wanda ba zai iya ba, gara ya bar wa mai iyawa.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da muke kiwo.