Ra'ayinmu: A shata wa kekuna hanya a Bosomtwe tun kafin su shata da kansu

Duk wanda ya bar Kumasi ya bi ta Kuntanase ya san wurin da titi yake karyewa ƙasa gaba ɗaya, direba ya ɗora ƙafa a kan burki ba ya ɗagawa sai an isa Abono. Daga saman nan ake fara hango tafkin Bosomtwe, zagaye kamar ƙwarya, tsaunuka da kurmi sun yi masa ƙawanya. Ban da masu zuwa wanka da cin soyayyen kifi ranar hutu, yanzu akan ga wasu irin baƙi a ƙananan hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan bakin ruwan: mutane da hular kwano a kan kekunan hawa tsauni masu kaurin taya, wasu Turawa, wasu kuma 'yan ƙasa. Muna maraba da su. Amma akwai maganar da ya kamata a yi tun yanzu, tun kekunan ba su yi yawa ba.

Bosomtwe ba kamar sauran ruwayen Ghana ba ne. Tafkin Volta mutane ne suka tare kogi a Akosombo ya samu. Shi wannan wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10 da rabi, ruwa ya taru a ciki. Faɗin ruwan kansa wajen kilomita 8 ne, zurfinsa ya kusa mita 80. A 2004 masana daga ƙasashe da dama sun zo sun haƙa ƙarƙashinsa don nazari, a 2016 kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne, babu wani kogi da yake fita daga tafkin nan. Ruwan sama da 'yan ƙoramu suna shiga, rana tana shanye wani kaso, shi ke nan. Duk abin da ya gangaro daga saman tsaunukan, jar ƙasa ce, maganin feshin koko ne, ledar ruwan sha ce, a nan zai zauna.

To me keke zai yi wa tsauni? Keke ɗaya, ba komai. Matsalar tana farawa ne idan masu neman gudu suka riƙa sauka kai tsaye daga sama zuwa ƙasa suna danne burkin baya. Tayar tana kankare ciyawa da ganyen da suka rufe ƙasa, ta bar ɗan siririn layi. Ruwan sama kuwa ba ya neman komai sai layi. Wanda ya san daminar Asante, ta Afrilu zuwa Yuli da ƙaramar ta Satumba da Oktoba, ya san layin da ya fara da faɗin taya zai iya zama kwazazzabo cikin 'yan shekaru. Gangaren da ke kewaye da tafkin ya haura mita 200, kuma ƙarshensa ruwan da mutane suke kamun kifi ne.

Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun riga mu cin karo da wannan. A tsaunukan Marin da ke kusa da San Francisco a Amurka aka fara shi, inda a 1976 wasu samari suka soma tseren gangara a kan tsofaffin kekuna. Sun sa wa tseren suna Repack, saboda kafin a kai ƙasa giris ɗin burki ya ƙone sai an sake cusa wani. Da masu hawa suka yi yawa, masu tafiya a ƙafa suka yi ƙorafi, hukumomi suka fara rufe musu hanyoyi, sai a 1988 suka kafa ƙungiyar IMBA don su gyara halinsu kafin a kore su daga daji baki ɗaya. Ƙa'idojin da suka fitar na yanka hanya ba sa bukatar injin ko ɗaya. Hanya ta ratsa tsauni ta gefe tana lanƙwasa. Gangarenta kada ya wuce rabin gangaren tsaunin da take ratsawa, wato idan tsaunin yana sauka mita 20 a cikin kowace mita 100, ita kada ta sauka fiye da 10. A ɗan karkatar da ita waje domin ruwa ya tsallake ta ya wuce, sannan ta riƙa ɗan nutsawa tana ɗan tashi don kada ruwan ya samu doguwar tafiya. Idan ƙasa ta jiƙe ta yi taɓo, a haƙura da hawa. Fartanya da diga da igiyar awo sun isa wannan aiki, kuma manomin da ya saba yin kunya a gefen tsauni zai gane shi kafin a gama bayani.

Wani zai ce, ana fama da galamsi da masu injin yanka katako da noma har bakin ruwa, sai keke za mu sa a gaba? Gaskiya ne, keke ne mafi ƙarancin laifi a cikinsu, kuma dalilin da ya sa muke goyon bayansa ke nan. Mai keke inuwa yake nema, da kukan tsuntsaye, da wurin da zai tsaya ya hango ruwa. Idan kurmin ya tafi ba zai sake zuwa ba. Shi ne baƙon da zai biya kuɗi don itace yana tsaye. Amma fa hanyar da aka gyara wa keke, idan babu mai tsaronta, washegari babur zai bi, bayansa aboboya ɗauke da katako. Wannan ma sai an yi dokarsa tun farko, an kuma sa turaku a mashigai.

Sai maganar masu hanyar. Kafin a yi daran aka yi kwandi: waɗannan hanyoyi na manoma ne da masunta. Mace ce take saukowa da damin agade a ka da goyo a baya, yara ne suke zuwa makaranta a ƙauyen gaba, tsoho ne da addarsa. Keke mai gangarowa a guje ba ya ƙara, sai dai a gan shi kawai. Dokar da masu wasan suka amince da ita a ko'ina ita ce mai keke ya rage gudu ya ba mai ƙafa hanya, kuma a nan ya kamata a rubuta ta da Turanci da Twi a bakin kowane ƙauye. Inda gangare ya yi tsanani a raba hanyar gida biyu. A Birtaniya suna yi wa hanyoyin daji alama da launi, kore da shuɗi ga masu koyo, ja da baƙi ga gwanaye, don kada sabon shiga ya faɗa inda ya fi ƙarfinsa. Gwangwanin fenti huɗu ne. A wurin da ɗauko wanda ya karye daga bayan tafki zuwa asibiti zai ci sa'o'i, wannan fentin ba ado ba ne.

Kuma tafkin yana da daraja ta musamman a wurin Asantawa. Har yau masunta a kan wani faffaɗan katako da suke kira padua suke zama su shiga ruwa, saboda al'adar da suka gada. Mu ba aƙidarmu ba ce, amma wanda ya je garin mutane ya ga an ce nan ba a shiga, sai ya juya kan kekensa. Sarakunan ƙauyukan su ne za su nuna waɗannan wurare, kafin a ja layi a taswira.

Kuɗin fa, aljihun wa zai shiga? Idan baƙo ya zo da kekensa da ruwansa da abincinsa, ya zagaya ya koma otal, mutanen ƙauye ƙura kawai suka samu, kuma babu dalilin da zai sa su gyara hanyar bayan ruwan sama. Ghana tana da misali a gida. A Wechiau, can bakin kogin Black Volta, sarakuna da jama'ar gari ne suke riƙe da wurin kiyaye dorinar ruwa, 'ya'yansu ne 'yan rakiya, abin da baƙi suka biya kuma ana ganinsa a gari. Haka muke so a nan: kuɗin shiga da aka sani da rasit, ɗan rakiya daga ƙauyukan, kaso bayyananne ga masu gyaran hanya. Majalisun gundumomin da suka raba bakin tafkin da Hukumar Yawon Buɗe Ido da Hukumar Gandun Daji su zauna da sarakuna su fitar da tsari ɗaya, kada kowa ya kafa shingensa yana karɓar nasa.

Mu ma a zango maganar ta shafe mu, ko da yake da yawanmu za su yi dariya su ce wanda ya tashi a kan keke ne za a koya wa hawa. Masu faci da gyaran keke da ke Aboabo da Asawase sun san sarƙa da giya da ɗaurin waya kamar tafin hannunsu. Abin da ya rage musu shi ne burkin faifai mai aiki da mai da kuma ƙafar gaba mai shanye gargada, kuma wanda ya iya kwance babur ba zai kwana biyu a kansu ba. A yankin nan namu ne ake haɗa kekunan gora har ana fitar da su Turai, don haka hannu ba ya ƙaranci. Idan samarinmu ba su nemi aikin haya da gyara a Abono da Kuntanase ba, wasu za su nema. Sannan akwai yaranmu da suke haddace sunan tafkin don jarrabawa alhali tsakaninsu da shi kilomita 30 ne kacal, ba su taɓa ganinsa ba. Hanya mai sauƙi a bakin ruwa da kekuna goma na haya sun isa aji guda ya yi yini a can, maza da mata.

Abin da muke nema a wannan rani kaɗan ne. A bi hanyar da ta zagaye tafkin a ƙafa tare da mutanen kowane ƙauye, a rubuta inda ruwa ya riga ya fara ci, a rufe gangaren da bai kamata a sauka ta kansa ba, a kafa alluna. Daga Disamba zuwa Maris ƙasa a bushe take, ana iya aikin diga. Ruwan Afrilu idan ya sauko, sai dai a jira wata shekara.