Zancen Wata: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A wannan wata za mu yi magana a kan kuɗin taimako, da hannun da ya kamata a danƙa wa shi.

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Gwari ya san wahalar da ta sha. A watan Mayu na 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Gwaska, suka kashe fiye da mutum 40. A 2022 mutanen Damari, a nan gundumar Kazage, suka bar gidajensu da gonakinsu. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari a kan maganar sulhu, aka kuma buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe. Mun gode wa Allah domin kowane sauƙi. Amma sulhu ba ya cika rumbun da aka ƙone, ba ya kuma mayar da shanun noma da aka sayar domin biyan fansa.

Wahalar ta taɓa kowa, Musulmi da Kirista, manomi da makiyayi. Amma akwai waɗanda nauyinsu biyu ne: Gbagyi da Kamuku na ƙauyukan bakin daji, da Hausawa masu bi, da Fulani talakawa waɗanda aka kwashe musu dabbobi, ana kuma yi musu kallon ɓarayi. Ba su da yawa, ba su da babban mutum a ofis. In an zo rubuta sunayen mabukata, a cikin gari akan zauna a rubuta, kuma wanda aka sani shi ake tunawa. Gwauruwar da ta fake a ɗakin ƙanwarta da 'ya'ya biyar ba ta cikin wani sansani, saboda haka ba ta cikin takarda.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. A ekklesiya ta fari a Urushalima, masu bi da suke magana da Helenanci suka yi gunaguni, domin ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce musu su yi shiru ba. Sun sa jama'a su zaɓi mutum bakwai, suka danƙa musu aikin. Abin lura shi ne, dukan bakwai ɗin sunayen Helenawa ne da su, har da Istifanus da Filibus, da Nikolas mutumin Antakiya wanda asalinsa ba Bayahude ba ne. Wato an ba waɗanda aka tsallake ikon rabo a hannunsu. Daga nan ba mu ƙara jin wannan gunaguni ba.

Manyan masu ba da taimako na duniya sun gane wannan, aƙalla a baki. A 2016, a babban taron jinƙai da aka yi a Santambul ta ƙasar Turkiyya, suka yi alkawari cewa kafin ƙarshen 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa shiga hannun ƙungiyoyin 'yan ƙasa. Alkawarin bai cika ba. A 2022 abin da ya shiga hannunsu kai tsaye ko kashi 5 cikin ɗari bai kai ba. Asusun agaji da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a Nijeriya a 2017 kuma, domin Borno da Adamawa da Yobe aka buɗe shi. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako, USAID, kuɗin ya ƙara ƙaranci ko'ina.

Me ya sa kuɗin yake tsayawa a manyan ofisoshi? Ba mugunta ba ce kullum. Mai ba da kuɗi yana tsoron ɓata. Yana so ya ga takardar rajista, da asusun banki, da littafin lissafi, da rahoto da Turanci. Babbar ƙungiya a Abuja tana da waɗannan duka. Zumuntar Mata ta ƙauye ba ta da ko ɗaya, ko da yake ita ce ta san gidan da ba a ɗora tukunya jiya ba. To, kafin kuɗin ya sauko daga hannu zuwa hannu, albashi da mota da hayar ofis sun ci rabonsu.

Ga masu ba da taimako, da hedkwatocin ekklesiyoyinmu, roƙonmu uku ne. Ku ba ƙananan ƙungiyoyi kuɗi daidai ƙarfinsu, ko da kaɗan ne, ku ƙara in sun riƙe amana. Ku karɓi takardar neman taimako da Hausa. Ku kuma tambaya ko waɗanda ake nema dominsu suna zaune a cikin kwamitin, mata da maza. An gwada irin wannan a ƙasarmu. A shirin raya karkara na CSDP, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2009 zuwa 2021, jama'ar gari su ne suka riƙa zaɓen aikin da suke so, su zaɓi kwamitinsu, su kawo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin, da kuɗi ko da aikin hannu ko da yashi da duwatsu. Rijiyar da mutum ya zuba guminsa a ciki ba ya barinta ta rushe.

Amma mu ma da namu aikin. Bulus, sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai ɗauki jakar shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 mun ga ekklesiyoyi sun zaɓi ɗan'uwa ya yi tafiya tare da kuɗin, domin kada a sami abin zargi. In manzo ya yi haka, mu fa?

Saboda haka kowace ƙungiya ta sayi littafi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a kowane wata. Kada ma'aji ya zama matar shugaba ko ƙaninsa. Kada a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. In ƙungiya ta yi ƙarfi, sai ta nemi rajista a hukumar CAC, a ƙarƙashin dokar 2020. Za a bukaci tsarin mulki a rubuce, da sunayen amintattu, da sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Banki kuma zai nemi takardar SCUML ta hukumar EFCC. In abin ya fi ƙarfin ƙauye ɗaya, ƙauyuka biyar su haɗu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyi irin su CRUDAN da ke Jos sun daɗe suna koya wa ekklesiyoyi wannan aiki. Mu malaman makaranta kuwa, tun da Allah ya ba mu alƙalami, bai kamata mu bar iyayenmu mata suna neman mai rubuta musu wasiƙa ba.

Kada kuma mu zauna jiran baƙo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Muna da gayya, muna da adashi, muna da baikon kaka. In kowane gida ya kawo mudu ɗaya na masara bayan girbi, aka rubuta, aka raba da gaskiya shekara biyu, wannan littafi shi ne shaidar da ta fi kowace wasiƙa ƙarfi a gaban mai ba da taimako.

Abu na ƙarshe shi ne mafi wuya. Mu da muka san zafin tsallakewa, kada mu tsallake wani in rabo ya zo hannunmu. Gwauruwar Bafulatani da maraya Musulmi maƙwabtanmu ne, sunansu ya shiga littafin tare da na namu. Iyaye, ku karanta Ayyukan Manzanni sura 6 da 'ya'yanku a sujadar yamma, ku tambaye su wa aka manta a unguwarku. Yara sukan san amsar.

Ubangiji ya ba mu zuciyar riƙon amana. Amin. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.