Jan Baki, Magariba da Fitilar Ƙaramin Jirgi

Maganarmu ta wannan makon daga fadamar Haɗeja za ta taso.

Duk wanda ya taɓa noman shinkafa ko alkama a Auyo, Kirikasamma ko Guri ya san jan baki. Tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, abin da yake ci a wuni kimanin giram 10 ne, amma idan miliyan biyu suka taso, lissafin ya zama tan 20 na hatsi kafin rana ta faɗi. Yara su wuni suna kaɗa gwangwani har murya ta dushe, tsuntsu ya tashi daga wannan gona ya sauka a ta maƙwabci. Idan abin ya fi ƙarfin gwangwani da majajjawa, sai mu fara roƙon gwamnati ta turo jirgin feshi. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: idan matuƙin ya gama, ina zai sauka, kuma da wane haske?

Ba a yi wa jan baki feshi da rana tsaka, domin a lokacin ya warwatsu cikin gonaki. Sai da almuru, idan ya tattaru ya koma makwancinsa cikin kachala, ciyawar nan da ta mamaye hanyoyin ruwanmu tun bayan da madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 suka sauya yadda kogin ke gudana. Ke nan aikin matuƙin yana farawa ne daidai lokacin da haske ke ƙarewa. A ƙasarmu kuwa magariba ba ta jira: tsakanin faɗuwar rana da rufewar duhu bai fi minti 25 ba. Daga Haɗeja zuwa filin jirgin Dutse, wanda aka buɗe a 2014, ya haura kilomita 100 a miƙe. Kano ta kusa 170. Kafin ya isa, dare ya yi.

To ai jirgi yana da fitila, wani zai ce. Yana da ita, amma mu dube ta da kyau. Ƙwan da aka daɗe ana sa wa ƙananan jirage irin su Cessna, wanda ake kira GE 4509, wat 100 ne, kuma masu ƙera shi sun ƙiyasta masa awa 25 na aiki kacal. A wasu jiragen a hancin jirgi ake ɗaura shi, jikin murfin inji, inda girgiza ke tsinka siririyar wayar cikinsa. Ba ya sallama kafin ya mutu. Matuƙi zai duba shi a ƙasa yana ci, ya zo sauka ya danna makunni ya ga duhu. Shi ya sa a makarantun tuƙi ake sa ɗalibi ya gwada saukar dare da fitilar a kashe.

Ko tana ci ma, ba ta kai inda muke zato. Ƙaramin jirgi yana gangarowa da gudun kusan kilomita 120 a awa, wato mita 33 a kowace daƙiƙa. A ce fitilar ta nuna masa mita 150 sarai: daƙiƙa biyar ma ba su cika ba tsakanin ganin saniya a kan titi da isa gare ta. Sannan ga hazon hunturu. Wanda ya taɓa kunna babbar fitilar mota a hanyar Malam Madori cikin watan Janairu ya san yadda ƙura ke dawo wa mutum da haskensa, gabansa ya zama farin bango. Haka take yi wa matuƙi, ga shi idon da ya ɗauki kusan rabin awa kafin ya saba da duhu, ƙyalli ɗaya ke ɓata shi.

Abu mafi haɗari ma ba a kan titin yake ba, yana can kafin a iso. Idan jirgi ya gangaro ta saman wurin da babu ko ɗigon haske, kamar fadama da ruwa ya kwanta, ido ba ya samun abin auna tsayi da shi. Matuƙi sai ya ga kamar yana sama sosai, ya ƙara yin ƙasa, har ya daki bishiya ko tudu bai kai titin ba. Masana harkar suna kiran wannan baƙin rami, kuma fitilar hancin jirgi, komai ƙarfinta, ba ta maganinsa. Abin da ke maganinsa a ƙasa yake: fararen fitilu a gefen titi, kore a bakinsa, ja a ƙarshensa, da wasu guda huɗu a jere da ke yi wa matuƙi magana da launi. Biyu ja biyu fari, kana daidai. Huɗun duka ja, ka yi ƙasa da yawa.

Ba mu manta da yammacin 25 ga Oktoba, 2012 ba, ranar da gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, ya faɗi da jirginsa Cessna 208 kusa da Yola, yana tuƙi da kansa daga Jalingo. Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage bai ɗora laifin a kan ƙwan fitila ba. Cikin abin da ya lissafa har da ci gaba da tafiyar da ta dogara da ganin ido bayan rana ta faɗi. Gwamnan bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2017. Duhun da ya same shi bai san muƙami ba, balle matuƙin haya da aka turo ya kori tsuntsu.

A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya, lokacin Hadi Sirika yana ministan sufurin jiragen sama, ta amince da kwangilar gina ƙaramin filin jirgi a Haɗeja. Ra'ayinmu shi ne, filin da ke rufewa da kiran sallar magariba rabin fili ne ga wannan yanki, tunda manyan buƙatunmu biyu, feshin jan baki da kai ɗauki lokacin ambaliya irin ta 2020 da 2022, ba sa bin agogon ofis. Ƙasar nan cike take da filayen da jirgi ba ya iya sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana. Hatta a Legas, titi ɗaya ya yi fiye da shekara 10 babu fitilu kafin a gyara shi a 2022, shekara ta zagayo kuma aka wayi gari ɓarayi sun kwashe kayan fitilun titi a filin. Idan haka ta faru a Legas, wa zai tsare na Haɗeja idan ba a tanadi mai gadi da albashinsa tun farko ba?

Akwai masu cewa wannan duk almubazzaranci ne, a share kachala tsuntsu ya rasa makwanci, ko a koma ga jirage marasa matuƙa. Suna da gaskiyarsu, kuma mu ma maganin feshin ba ya kwanta mana: gubar da ke kashe jan baki ba ta tambayar sunan tsuntsu, ga dausayin Baturiya nan kusa inda tsuntsayen Turai ke zuwa cin rani, ga mutanenmu da ke kama jan bakin da raga su soya su sayar. Amma kachalar ba a shekara ɗaya za ta ƙare ba, kuma muddin za a ci gaba da tura mutum sama da almuru, haƙƙinsa ne a haska masa hanyar dawowa.

Kuɗin ma ba shi ne babba ba idan aka kwatanta da na kwalta. Fitilar LED ta jirgi tana yin dubban awanni, ba ta jan wuta sosai, girgiza ba ta kashe ta da sauri. Sharaɗi ne da za a iya rubutawa a takardar duk kamfanin da za a ba aikin feshi. Fitilun titi masu aiki da sola suna nan a kasuwa, ba sa jiran janareta da man da ba a saya ba. A ƙauyukan Amurka ma babu mai kwana a filin: matuƙi ya latsa makunnin rediyonsa sau bakwai daga sama, fitilu su kama da kansu, bayan minti 15 su mutu. Sai shinge, domin filin da ke tsakiyar ƙasar makiyaya ba tare da shinge ba, burtali ne kawai aka shafa wa kwalta.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka 'yan majalisarmu na Haɗeja, Auyo da Kafin Hausa, da ƙungiyoyin manoman shinkafa da alkama, tambayoyin da za su kai Abuja tun yanzu ba su da yawa: fitilu nawa ne a cikin takardar kwangilar, da me za su riƙa ci, kuma wane ofis ne zai sayi sabuwa ranar da ta farko ta mutu.